Taku Goma Sha Tara Daga Teburin Tiyata

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, abokin karatuna, wanda ni kaɗai a zauren nan na ga ranar da ya faɗi sumamme a gaban tunkiyar farko da aka buɗe mana, na kuma yi masa alkawarin ba zan faɗa wa kowa ba. Shugabar ƙungiyarmu ta likitocin dabbobi da 'yan majalisarta. Malamanmu da suka koya mana riƙon wuƙa tun muna 'yan koyo, na raye Allah ya ƙara musu lafiya, waɗanda suka riga mu Allah ya jiƙansu. Abokan aiki maza da mata. Ma'aikatan jinya, waɗanda ke tsaye idan muna tsaye, su ci gaba da tsayuwa bayan mun zauna. Ma'aikatan ɗakin gwaji da suka ɓuya a layin baya kamar yadda suka saba. Masu dabbobi da suka amsa gayyatarmu. Jama'a baki ɗaya, ina gaishe ku da zuwa, ina gaishe ku da haƙurin zama.

Ina gode wa ƙungiya da ta ba ni wannan dama a shekarar da zan ajiye aiki. Na san da yawanku kun gyara zama ne kuna jiran faɗa, domin shekara talatin da ɗaya ke nan an san ni da faɗa, kuma akwai mutum goma a nan aƙalla da na taɓa kora daga ɗakin tiyata saboda dogon farce. Ku kwantar da hankalinku. Yau da kaina zan yi faɗan, kuma ba na jin zai yi wa kowa daɗi.

Abin da ke gaban taro ƙudiri ne ɗan ƙarami. An ce a ƙara layi ɗaya a takardar amincewa da mai dabba ke sa wa hannu kafin tiyata, layin da zai tambaye shi: idan muka buɗe muka tarar da abin da ba mu zo nema ba, ka yarda mu yanko kaɗan a kai ɗakin gwaji, ko mu cire shi, ko mu bar shi? Na ji abin da ake faɗa ɗazu wajen shan shayi. Wasu sun ce ƙarin takarda ne kawai. Wasu sun ce tsoratar da mutane za mu yi a banza, tunda a cikin aiki ɗari da wuya a gamu da haka sau biyu. Wani kuma, ba zan nuna shi ba ko da yake ina kallonsa, ya ce ai akwai waya, in abu ya taso sai a kira. A kan wannan kalma ta ƙarshe na miƙe, domin ni ma haka nake cewa har shekara biyu da suka wuce.

A bayan asibitinmu, idan ka bi layin masu ɗinki ka wuce shagon mai gilashi, akwai wani dattijo mai gyaran agogo. Shagonsa bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Tebur ɗaya ne, ya jingina shi da taga saboda haske, ya juya wa ƙofa baya. Kunnensa ya mutu tun yana ɗan shekara hamsin, bayan wani zazzaɓi. Yana magana sarai, da ƙarfi ma fiye da kima, amma ba ya jin ko tsawa. In kana son ka gaya masa abu, ko dai ka tsaya a gabansa ya kalli leɓenka, ko ka rubuta masa a wani ɗan littafi da ba ya rabuwa da aljihunsa. Ina ce masa Baba, yana ce mini Likita.

Yana da karya, ja mai farin wuya, ya sa mata suna Daƙiƙa, wai don ba ta zama wuri ɗaya. Ba wanda ya koya mata aikinta, ita ta ɗauka da kanta. Duk wanda ya tako bakin ƙofar shagon, sai ta tashi ta zo ta ɗora haɓarta a gwiwarsa, shi kuma ya cire ɗan gilashin nan da masu gyaran agogo suke maƙalawa a ido, ya juyo ya ce, "Sannu da zuwa." In mota ta taho ta bayansa a hanya, jikinta take tokara masa a ƙafa. In ruwa ya tafasa, ita ce ke faɗa masa. Ya taɓa ce mini, "Likita, ki kula da ita da kyau, kunnuwana ne kike dubawa." Na yi dariya a lokacin.

Tana da shekara bakwai ya kawo ta a cire mata mahaifa. Ni na ba shi shawarar. Duk lokacin da ta shiga yanayin neman namiji, karnukan layin gaba ɗaya sai su yi sansani a ƙofar shagon, masu ɗinki suna ƙorafi, ita kuma hankalinta ya bar aiki. Ga shi a shekarunta ina tsoron mahaifar ta yi ruwa. Aikin da na yi sau dubbai ne, aikin da zan iya yi ina tunanin abin da zan dafa. Ya zo da safe, akawunmu ta miƙa masa takarda, ya karanta layi-layi kamar yadda yake komai, ya sa hannu. Takardar ta ce lambar waya, ya rubuta lambar waya. Akawu ta faɗa masa abin da muke faɗa wa kowa, kanta a sunkuye tana buga hatimi: "Baba, ka tafi gida, za mu kira ka." Haka tsarinmu yake, ba ma barin masu dabbobi a ɗakin jira, don dabbar da ta ji ƙamshin mai ita ba ta kwantawa. Ya shafa kan karyar, ya fita.

Ƙarfe goma da minti ashirin na buɗe. Na ɗaure jijiyoyi, na fitar da mahaifa, komai yana tafiya yadda ya kamata. Ina duba ciki kafin in rufe, sai gefen saifa ya zamo ya faɗo ƙarƙashin yatsana. A jikinta akwai wani ƙullutu kamar kan babban yatsa, launinsa ya fi na sauran duhu, ya ɗan fi sauran tauri. Na tsaya. Ma'aikaciyar jinyarmu, wadda kowa ke ce wa Yaya har waɗanda suka girme ta, ta ɗago daga na'urar numfashi ta dube ni ta ce, "Likita, lafiya?" Na ce, "Zo ki gani."

Saboda baƙinmu da ba 'yan sana'a ba, bari in faɗi abin da likita ke fuskanta a irin wannan minti. Ido ba ya iya faɗa maka ko mene ne wannan ƙullutu. Yana iya zama jini ne ya taru ya daskare, ya zauna abinsa har dabbar ta tsufa ta mutu da wani dalili daban. Yana iya zama ciwon daji ne yana somawa. Ɗakin gwaji ne kaɗai zai raba gardama, kuma ɗakin gwaji sai an kai masa nama. To amma saifa buhun jini ce, wanda ya taɓa ta da wuƙa ya san abin da ya tsokano. Kana iya yanko kaɗan ka yi fama da jini. Kana iya cire ta ɗungurungum, kare yana rayuwa ba saifa, sai dai aiki ne babba, barci ya ƙaru, haɗari ya ƙaru, kuma mutum bai kawo dabbarsa don a cire mata wannan ba. Kana kuma iya mayar da ita inda take, ka ɗinke, ka ce Allah ya sa ba komai ba ne. Duk wannan lissafi kana yin sa ne ciki a buɗe, agogon bango yana tafiya.

Akwai kuma abin da ke kaina wanda ba ya cikin littafi. Shekara ashirin da biyu kafin wannan rana, ina matashiya ina ji da kaina, na ga irin wannan a cikin wata karyar, na yanka ban tambayi kowa ba. Jini ya ƙi tsayawa. Bayan kwana goma sakamako ya dawo daga ɗakin gwaji, ya ce ba komai ba ne. Karyar kuwa kwananta tara a ƙasa. Matar da ke da ita ba ta zage ni ba, tambaya ɗaya ta yi mini: "Wa ya ce ki taɓa?" Tun daga ranar na rantse ba zan ƙara yanka abin da ba a ba ni izini ba.

Saboda haka na ɗaga murya na ce wa akawu ta kira mai ita. Ta kira. Ta leƙo ta ce, "Tana shiga, ba a ɗauka." Na ce ta sake. Ta sake. Sau bakwai aka kira wannan waya, ina tsaye hannuna cikin cikin dabba, ina riƙe da saifa da auduga. Yaya ta ce, "Likita, numfashinta ya fara yi mini wasa, ki yanke shawara." Sai raina ya ɓaci, na ce, "Wane irin mutum ne zai bar karyarsa a kan tebur ya ƙi ɗaukar waya?"

Jama'a, ni na faɗi wannan magana. Ni, da bakina. Ni da na shekara shida ina yi wa mutumin nan rubutu a littafinsa, ni da na san ba ya jin ko tsawa. Mu uku ne a wurin, dukanmu mun san shi, dukanmu mun san kunnensa, kuma ba wadda ta tuna. Ba wadda ta ce a tura masa saƙo a rubuce. Hannu ya saba, baki ya saba: in abu ya taso, a kira. Mun kira, ba a ɗauka ba, mun sauke nauyi. Na mayar da saifa, na ɗinke, na cire safar hannu na jefa a kwando.

Ƙarfe huɗu daidai ya shigo, domin an rubuta a bango cewa ƙarfe huɗu ake karɓar dabbobi, shi kuwa ba ya saɓa lokaci. Ya miƙo mini littafin. A nan na yi kuskure na biyu, kuma ya fi na farko muni, don wannan karon ba agogon da ke kora ta. Na ga fuskarsa, na ga yadda karyar ke kaɗa masa wutsiya cikin magagi, sai na ji ba na son in ɓata masa rana. Na rubuta: "Aiki ya yi kyau. Na ga ɗan ƙullutu a saifa, ba na jin wani abu ne. Ka dawo da ita bayan wata uku." Ban rubuta masa cewa mun neme shi ba. Ban rubuta masa cewa akwai zaɓi ba, balle in ce har yanzu ana iya komawa. Ya karanta ya ce, "Tunda kin ce ba komai, ai shi ke nan."

Wata uku ya zo ya wuce bai dawo ba. Me zai dawo da shi? Karya tana ci, tana gudu, tana aikinta, Likita kuma ta ce ba ta jin wani abu ne. Ni ma ban bi sawu ba. Ina wucewa ta layin nan kusan kullum, in ɗaga masa hannu ta taga, in ga jan bayanta a ƙarƙashin tebur, in ce wa kaina ka gani, da na yanka da na yi aikin banza.

A wata na takwas, wata ranar Talata da hantsi, mai gilashi ya shigo da ita a hannu, Baba yana biye da shi ba hula. Suka ce wani ne ya tako bakin ƙofar shagon, ta tashi za ta zo gwiwarsa kamar kullum, sai ta zube a tsakiyar shago. Na ɗaga leɓenta, dasashi fari fat. Ciki ya cika da jini. Na buɗe a kan tsohon ɗinkina, na tarar ƙullutun ya kai dunƙulen hannu ya fashe, hanta kuma duk ta yi tabo-tabo. Ba abin da ya rage a yi. Yaya ta dube ni, na dube ta. Wannan karon na fita da kaina, da jini a rigata, na rubuta masa abin da na gani, na tambaye shi. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Kada ki tashe ta." Ba mu tashe ta ba.

Bayan an gama na zaunar da shi a ofishina, na karɓi littafin, na rubuta masa komai, shafi uku. Abin da na gani ran farko, hanyoyin da ke gabana, tsoron da ya hana ni, da kira bakwai da aka yi masa. Yana karantawa yana bin layi da yatsa. Da ya iso wajen kiran sai ya tsaya, ya ɗago. Ya ce, "Waya? Ai tana cikin jaka, saƙon 'yata kawai nake dubawa da ita." Ya ƙara da cewa, "Likita, ai ban tafi ba ranar."

Ban gane ba. Ya tashi ya kama hannun rigata, ya fita da ni ta ƙofar gaba, muka zagaya gefen gini. Akwai wani dakalin siminti a wurin da ba mai zama a kai, saboda rana tana dukansa, ga kwandon shara kusa. Yana daidai ƙarƙashin tagar ɗakin tiyata, tagar nan mai gilashin da ba a gani ta cikinsa. Ya nuna ya ce, "Nan na zauna, tun ƙarfe tara har ƙarfe huɗu. Na tambayi mai shara wace taga ce, ya nuna mini. Na ce ko za a neme ni."

Daga baya na auna. Daga teburin tiyata, ka bi ta ɗakin jira, ka fita ƙofa, ka zagaya, taku goma sha tara ne. Ta bango kuwa bai kai tsawon hannu biyu ba. Lokacin da nake tsaye ina zagin mutumin da ya ƙi ɗaukar waya, yana zaune a rana, bayansa a jingine da bangon da nake fuskanta.

A wurin ya yi mini tambayar da nake jira. Ya ce, "Da kin yanka, da ta rayu?" Na rubuta masa gaskiya: ban sani ba. Wataƙila da na cire saifar ranar da ta ƙara shekaru. Wataƙila ciwon ya riga ya bazu tun lokacin, ido ne bai gani ba. Wataƙila ma da ta mutu a kan tebur tun ranar. Ya karanta ya gyaɗa kai. Ya ce, "Ni ma da kin tambaye ni, ban san abin da zan ce ba. Amma da ni na ce." Bai ɗaga murya ba, mutumin da kullum muryarsa ke cika ɗaki. Wallahi da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

To, ya shugaban taro, ga abin da nake roƙo.

Na farko, kada kowa ya fita daga nan ya ce tsohuwar nan ta ce a riƙa yankawa. Ban ce ba. Na yanka na binne, na bari na binne, kuma har gobe ban san wanne ne daidai a ranar Daƙiƙa ba. Wanda ya ce muku yana da amsa ɗaya ga kowane ƙullutu, bai daɗe a sana'ar nan ba.

Na biyu, tunda ba mu da tabbas, to ba mu da hurumin ɗaukar shawarar mu kaɗai. Dabbar ba tamu ba ce, ba mu za mu koma gida mu tarar da kwanonta a bayan ƙofa ba. A yi tambayar tun da safe, mai dabba yana tsaye a gabanmu da hankalinsa, kafin allurar barci, kafin wuƙa. An ce za mu tsorata mutane. E, za mu tsorata su na minti biyu, kuma na ga abin da ya fi wannan tsoro. Ku amince da layin nan. Ina kuma neman a ƙara masa rabin layi: ina za ka kasance, kuma ta yaya za mu same ka? Lamba kaɗai ba ta isa ba. Akwai wanda ba ya ji, akwai wanda ke aiki inda ba a shiga da waya, akwai wanda ke tuƙi. Ku tambaya, ku ɗago kai daga takarda sa'ad da kuke tambayar.

Na uku, kuma wannan ba ƙudirin da zai iya tilasta shi, sai dai kowa ya tilasta wa kansa: abin da ka gani, ka faɗe shi da girmansa. Kada tausayi ya sa ka rage masa nauyi. Kalma shida na rubuta don in faranta wa dattijo rai, "ba na jin wani abu ne," su suka hana shi dawowa a wata na uku, lokacin da wataƙila akwai sauran abin yi. Ku matasa da ke layin tsakiya, ku da hannunku ya fi nawa sauri yanzu, ku riƙe wannan ko da kun manta duk sauran faɗan da na yi muku.

Har yanzu ina bin layin masu ɗinki. An kawo masa 'yan kwikwiyo sau biyu, ɗaya ni na kai, ya ce a'a, ba shi da shekarun da zai jira wani ya koyi gwiwarsa. Ya juya teburinsa, yanzu ƙofa yake fuskanta, don ya ga mai shigowa. Taga ta koma bayansa, inuwarsa tana faɗa wa aikin, ido ɗaya a gilashi, ɗaya a bakin ƙofa. Ya daina karɓar ƙananan agogunan hannu, ya ce ba ya ganin cikinsu, sai na bango kawai. Shekara arba'in an san shi da ƙananan. Idan na wuce yakan ɗaga mini hannu tun kafin in ɗaga, domin yanzu shi ke fara ganin kowa.

Allah ya ba mu hannu mai sauƙi da harshe mai gaskiya. Allah ya tsare mu daga sabon da ke rufe ido. Allah ya yafe mana abin da muka yanka cikin gaggawa da abin da muka bari cikin tsoro. Allah ya sa albarka a wannan taro da shugabanninsa, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, masu magana da marasa magana, ya mayar da kowa gidansa cikin aminci. Wanda kuma ke zaune a bayan bangonmu yana jira ko za a neme shi, Allah ya ba mu ikon buɗe ƙofa mu duba.

Na gode.